Kankana a Kan Saiwar Duma

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, kuma kina yin sallarki a kan lokaci, ba yadda kike amsa kirana ba. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwar hagu da ke tuna mini shekaruna duk safiya. Yayanki ma lafiya, shi zai miƙa miki wannan takarda idan ya biyo da motarsa ta wajenku.

Kada ki tambaye ni me ya hana ni kiran waya. Na gaji da “to Inna, to Inna”, kina amsawa hankalinki yana wani wuri. Maganar waya iska ce. Takarda kuwa tana zama a gabanki ta ƙura miki ido, kuma ban yi sakandare don ado ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Gonar mahaifinki tana mutuwa a hannuna. Shekara biyu ke nan a jere kankana tana tsirowa kore shar, tana fara yaɗo sai ta yi yaushi da tsakar rana kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. Da yamma ta ɗan farfaɗo ta yaudare ni, bayan kwana huɗu ta bushe. Idan na tsaga karan sai in ga cikinsa ya yi ruwan ƙasa. Ba sai wani ya gaya mini ba, cutar tana cikin ƙasa.

Ranar Litinin Baffanki ya zo. Ko zama bai yi ba. Kin san gonar gadonsu ce shi da mahaifinki, kuma da yardarsa nake nomanta. Ya ce masu buga bulo sun yi masa magana sau uku, kuma idan bana ma ba ta yi ba, zai sayar musu, a raba abin da aka samu. Ya faɗa yana kaɗa makullin babur, a bakin rijiyar da ɗan'uwansa ya haƙa da hannunsa. Na dube shi na ce, Allah ya sa ka gama da duniya lafiya. Ya gane abin da nake nufi.

To magani ɗaya na sani. Shi ne wanda ake zuba wa ƙasa a rufe da leda, ya turara ta ya kashe duk abin da ke ciki. Shekarar da aka yi shi, shekara huɗu ke nan, sau uku motar yayanki ta yi lodi. Na wurin Mai-feshi na nan ban yarda da shi ba, an ce yana sirka shi. Ke kuwa kina aiki a gidan renon shuke-shuke, kin san inda na gaskiya yake. Ki aiko mini jarka biyu da leda ta hannun yayanki. Ba shawara na nema ba, aike na yi.

Ki ci abinci. A hoton da kika aiko kin koma kamar tsinken tsintsiya.

Mahaifiyarki.

*

Inna,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da kyau, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Na sa wa Yaya man shafawa a cikin kaya, a riƙa shafawa safe da yamma. Ina lafiya, ina sallah, kuma ina cin abinci, hoton ne ya yi ƙarya.

Inna, ki yi haƙuri, ba zan aiko maganin nan ba. Ba raini ba ne. Ba zan iya ɗaukar abin da ya kashe Baba in ɗora a motar Yaya in aiko miki da hannuna ba. Kin fi ni sanin yadda aka yi.

Amma ban bar ki haka ba. Yaya zai sauke miki tire biyar, kowanne da tsiro arba'in, ɗari biyu ke nan. Kankana ce mai aure, kamar yadda ake yi wa mangwaro. Saiwar ta duma ce, saman na kankana. Cutar nan ta saiwar kankana take shiga, duma kuwa ba ta iya masa komai. Muna shuka su dabam, idan sun yi ganye biyu sai mu yanke kan duman da reza a karkace, mu yanko kan kankanar a karkace, mu haɗa su mu matse da ɗan roba. Mako guda suke yi a ɗaki mai duhu da laima har su kama juna. Waɗannan ni na yi su da hannuna, ɗaya bayan ɗaya, bayan na tashi daga aiki, tun ranar da Yaya ya fara ba ni labarin yaushin bara. Abin da za su haifa kankana ce zalla, babu ɗacin duma. Wuri ya ƙare, a juya baya, can ne muhimmin abin yake.

(Bayan takardar)

Inna, don Allah wannan a kiyaye shi fiye da komai. Wurin da aka haɗa su, inda ɗan roban yake, kada ƙasa ta taɓa shi. A dasa shi ya zama yana sama da ƙasa da faɗin yatsu biyu. Na san yadda kike tara ƙasa a gindin shuka idan ta yi mako biyu, haka muka taso muka gani. Wannan ba a yi mata haka. Idan ƙasa ta rufe haɗin, kankanar za ta fitar da tata saiwar ta sama, ta shiga ƙasar mai cuta, aikin ya tashi a banza. Idan kuma duman ya fito da nasa reshe daga ƙasa, a tsinke. Roban zai faɗi da kansa.

Na gaya wa Yaya yadda zai dasa, amma shi zai koma hanya, ke ce za ki kula da su. Allah ya bar mana ke.

'Yarki, Auta.

*

Auta,

Sallama dai dole ce a kan musulmi, don haka assalamu alaikum. Lafiya muke. Man shafawarki yana nan inda yayanki ya ajiye, ban buɗe ba.

“Kin fi ni sanin yadda aka yi.” Na karanta layin nan sau uku a tsaye, na zauna na ƙara karantawa. Me na fi ki sani? Ki fito fili ki faɗa mana, tunda ilimi ya kai ki inda za ki yi wa uwarki hannunka mai sanda. Shekara talatin da ɗaya na yi da mutumin nan. Kwana tara na yi a kan benci a asibiti ina riƙe masa roba yana tari, ke kina makaranta kina rubuta jarrabawa, ni na hana a gaya miki don kada hankalinki ya tashi. Yau ke ce za ki gaya mini abin da ya kashe shi? Ajali ne ya kashe shi. Wanda bai yarda da wannan ba ya binciki imaninsa.

A layin nan na tsaya da karatu. Na ninke takardar na danna ta ƙarƙashin gwangwanin allura, sauran lacca ki ajiye wa abokan aikinki. Yayanki ne ya yi mini bayanin abin da kika aiko, yana sosa ƙeya.

Na aike ki magani kin aiko mini 'yan tsirrai masu ɗan kunne. Ba ni na raɗa musu sunan ba, Rediyo ce, maƙwabciyarmu ta gabas. Ta leƙo ta kan shinge tana riƙe da ƙugu ta ce, “Maman Auta, bikin wa ake yi? Na ga amare ɗari biyu kowace da ɗan kunnenta.” Na ce mata, bikin masu sa ido ne, ke ce uwar biki. Amma kafin azahar labari ya gama layi: wai 'yata ta ƙi yin aure ta zauna tana aurar da kankana ga duma. Ki gaya mini ta ina zan musa.

Ni a sanina Allah ya halicci kankana da saiwarta, ya halicci duma da tasa. Ku 'yan zamani ba ku ga abin da ya zauna lafiya kun ƙyale shi ba. Wanda ya raina tushensa ya ɗora kansa a kan na wani, ƙarshensa ana gani. Ki ɗauki wannan yadda kika ga dama.

Duk da haka ban zubar ba, don almubazzaranci haramun ne, kuma lokaci yana wucewa. Yayanki ya dasa su ranar Alhamis, kunya goma, kowace ashirin, tun daga bakin shinge har kusurwar rijiya. Yana yi yana gwada yatsu biyu a gindin kowace kamar mai auna yadi, na ce masa ya daina wasa ya yi sauri. Washegari ya koma hanya. Yanzu suna hannuna, kuma zan kula da su yadda na san ana kula da kankana tun ba a haife ki ba. Idan sun mutu kada ki ce hannuna ne.

Kada ki rubuto mini sai kin shirya neman gafara.

Mahaifiyarki, ko kin so ko kin ƙi.

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ni ma da sauƙi, bayana ne ya haɗu da gwiwa suka yi mini taron dangi, saboda aikin da kika jawo mini.

Mako biyar ke nan. Takardunki biyu da kika ba yayanki na mayar miki yadda suka zo, don na tambaye shi ko kin ce masa na neman gafara ne, ya ce bai sani ba. Kiranki kuma ina gani, ina barin wayar ta yi kukanta ta gaji. Yau na rubuto ne don in gaya miki sakamakon iliminki.

Sun yi yaushi. Irin yaushin nan dai, babu bambanci ko na ƙwayar zarra. Shekaranjiya da tsakar rana na shiga na tarar da kunyar farko ta kwanta, jiya ta biyu da ta uku. Na tsaga kara ɗaya, ga ruwan ƙasan nan a ciki yana yi mini dariya. Ina auren? Ina duman da cuta ba ta iya masa komai? Wanda ya ƙi ji ai ba ya ƙi gani ba, sai dai abin takaicin, ke kika ƙi ji, ni nake gani.

Kuma kada ki kuskura ki ce ban kula da su ba. Ko ku da na haifa ban yi wa hidimar da na yi musu ba. Da suka yi mako biyu iska ta fara kaɗa su, siraran wuyansu suna rawa a wurin ɗan kunnen, tausayi ya kama ni. Na ɗauki fartanya na bi su ɗaya bayan ɗaya na tara musu ƙasa a gindi, na danne da tafin hannu, har na rufe abin kunyar nan gaba ɗaya, Rediyo ta rasa abin kallo. Kwana uku na yi a duƙe. Suka yi kyau kuwa, suka yi ƙarfi, har na fara cewa a raina ko yarinyar nan tana da gaskiya. Ashe kwalliyar gawa ce.

Kunya takwas na yi wa haka. Biyun ƙarshe na kusurwar rijiya ban taɓa su ba, kin san ba na zuwa wajen, ruwa ma ta kwata nake kora musu daga nesa. Ina hango su dai kore, har da furanni, amma na san layi suke jira.

Baffanki ya zo jiya da wani mutum mai tef ɗin awo. A gabana suka ja shi daga shinge zuwa shinge. Mutumin ya taka mini yaɗo, na ce masa, malam, ko a gidanku ba a koya maka kallon ƙasa ba? Baffanki ya ce, “Ki bar shi, ai ta riga ta mutu.” Ban taɓa jin na tsufa ba sai jiya.

Na aika wa Mai-feshi. Sirkakke ko ba sirkakke ba, ranar Asabar ta sama zai zo. Za a tuge komai, kunya goman duka, a zuba, a rufe, in sake shuka ko Allah zai sa in kamo ƙarshen lokaci. Da kin aiko abin da na ce tun farko da yanzu ina ƙirga 'ya'ya. Wannan shi ne ribar ɗan da ya fi iyayensa sani.

Mahaifiyarki.

*

(A bayan ambulan, da manyan baƙaƙe: INNA, KO BA ZA KI BUƊE WANNAN BA, KI ƊAUKO TAKARDATA TA FARKO KI JUYA BAYANTA. KADA A TUGE KOMAI.)

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, Allah ya ƙara sauƙin baya. Ni ba na jin daɗi, kuma ba zan ɓoye ba, raina a ɓace yake.

Mako uku na yi ina yanka tsirran nan. Na yanke yatsana sau biyu. Abu ɗaya tak na roƙa, na rubuta shi a bayan takarda, na sake rubutawa a takardu biyun da kika mayar, na kira ki sau goma sha ɗaya don in faɗa da baki. Na roƙi Yaya ya gaya miki, ya ce da ya buɗe baki da sunana kika ce ya tashi ya ba ki wuri. Ke kika koya mana cewa ba a yanke wa mutum hukunci sai an ji ƙarshen maganarsa. Kin taɓa dukana a kan na amsa tambaya ban karanta ta har ƙarshe ba.

Ba auren ne ya gaza ba. Ƙasar da kika tara ce ta rufe haɗin, kankanar ta fitar da saiwarta a sama da shi, cutar ta samu ƙofa. Idan ba ki yarda ba, ki tone gindin guda ɗaya ki gani. Sannan ki je kusurwar rijiya ki dubi biyun da ba ki taɓa ba. Ba layi suke jira ba, lafiyarsu ƙalau.

Waɗanda suka kwanta sun tafi. Waɗanda ba su fara yaushi ba, a janye ƙasar a hankali har haɗin ya fito sarari, a yanke duk wata farar saiwa da ta fito a samansa. Wasu za su tsira, ban ce duka ba. Yau za a fara, ba gobe ba.

Sai maganar Baba. Wallahi Inna ban zarge ki da komai ba. Na ce kin fi ni sani ne don ke kika zauna da shi a asibiti, ke likita ya yi wa bayani, ni ina makaranta. Iyakar abin da nake nufi ke nan. Na yi ta juya layin a kaina ban ga zagin da ke ciki ba. Me kika ji a ciki da ni ban sa ba?

Idan Mai-feshi ya shiga gonar nan, ki sani kowane dare zan kwana ina jiran wayar Yaya.

Auta.

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau. Na buɗe man shafawar, yana da kyau, amma warinsa ya yi yawa.

Da farko, ba a rubuta wa uwa da manyan baƙaƙe a bayan ambulan kamar sanarwar gidan haya. Yayanki ya karanta, yaron shagon da ya ajiye ta ya karanta, na tabbata Rediyo ma ta ji. Wannan rashin tarbiyya ne, kuma ba a wurina kika koya ba. Na biyu, mai hankali ba ya ɓoye babbar magana a bayan takarda ya sa mai zafi a gaba. Da kin fara da yatsu biyun nan da duk haka ba ta faru ba. Wannan laifinki ne, ki riƙe shi.

Na ɗaga gwangwanin allura. Na juya. Na karanta.

Na ɗauki cokali na tafi gona, don fartanya za ta yi ɓarna. Na tone gindin guda ɗaya a kunya ta shida. Ga su nan, fararen saiwoyi kamar gashin tsohuwa, sun fito a saman ɗan kunnen sun nutse cikin ƙasar da na danne da hannuna. Na zauna a kan kunya na daɗe. Rediyo ta leƙo ta ce, “Maman Auta, yau kuma da cokali ake ba amaren abinci?” Ban ko ɗaga kai ba. Ita kanta ta tsorata ta koma.

Kwana biyu na yi da cokali da almakashin ɗinki. Ban ƙirga waɗanda suka mutu ba, na ƙirga waɗanda na tone da sauran rai, hamsin da uku.

Kin tambaye ni abin da na ji a layinki. Zan gaya miki sau ɗaya, kada ki sake tambayata, kuma kada ki karanta wa yayanki, ni zan gaya masa da bakina.

Da aka zuba maganin nan shekara huɗu da suka wuce, Mai-feshi ya ce kada a ɗaga leda sai bayan mako biyu, a kuma bar ƙasa ta sha iska. A rana ta biyar na ga gonar mijin Rediyo ta tsiro, tamu tana kwance a ƙarƙashin leda. Na fara yi wa mahaifinki mita tun da safe. Ya ce a jira. Na ce masu magani kullum ƙara kwanaki suke yi don a ce sun iya. Ya ce a jira dai. Na ce masa, kai dai ragwanci ne, mazan layin nan sun shuka kai kana zaune kana gadin leda. Kalmar da na faɗa ke nan, ragwanci, ga mutumin da ya haƙa rijiya shi kaɗai. Ya ajiye kofin shayinsa bai shanye ba, ya tafi. Ta kusurwar rijiya ya fara ɗagawa, rana ta take, babu iska, ya duƙa fuskarsa a kai. A nan na same shi.

A asibiti bai taɓa ambata ba. Da likita ya tambaya me ya sa ya buɗe da wuri, ya ce gaggawa ce irin tasa. Ya rufa mini asiri har ya koma ga Allah. Ajali gaskiya ne, ban janye ba. Amma bakina ne ya raka shi wurin.

To da na ga “kin fi ni sani”, na ɗauka wani ya ji mu ran nan ya gaya miki. Shekara huɗu ina jiran ranar da ɗayanku zai faɗa.

Za ki ce, to me ya sa na nemi a sake kawo maganin? Na gaya wa kaina cewa idan aka yi shi daidai wannan karon, aka cika mako biyu, gonar ta tsira, to laifin ba na maganin ba ne, kuma abin da ya rasa ransa a kai bai tafi hannun masu bulo ba. Ban ce tunani ne mai kyau ba. Shi nake da shi.

Mai-feshi ya zo ranar Asabar da jarkokinsa a bayan babur. Na tare shi a bakin shinge na ce ya juya. Ya ce, “Hajiya, ke fa kika aiko.” Na ce ni kuma na kore ka, ko akwai wanda ya fi ni iko da aikena? Ya tafi yana gunaguni.

Ban nemi gafararki ba, uwa ba ta yin haka a takarda. Ki kula da yatsan.

Mahaifiyarki.

*

Auta,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Takardarki ta iso, na karanta gaba da baya, har na ɗaga ta a rana ko akwai wani abu a tsakiya. Ba zan amsa abin da kika rubuta ba. Kin sa ni kuka a gaban yayanki, wannan ma wani laifin ne. Shi ma na gaya masa. Ya tashi ya fita ya wanke motar da ya riga ya wanke, da ya dawo ya ce in zuba masa abinci. Halin ubansa sak.

Cikin hamsin da ukun da na tone, talatin da ɗaya suka tsaya. Da arba'in na kusurwar rijiya, saba'in da ɗaya ke nan daga ɗari biyu. Duman ya yi ta turo rassansa masu faɗin ganye, ina tsinkewa kamar yadda kika ce, ko da yake sun fi na kankanar kyan gani. An yanki kankanar ranar Laraba. Rabin mota aka samu, ba ƙari.

Na aika aka kira Baffanki, na kuma kira Rediyo da kaina, don ita ta yaɗa cewa kankanar za ta yi ɗacin duma. Na fasa guda a gabansu a kan tire. Ja wur. Rediyo ta ɗanɗana da gefen baki kamar mai shan magani, sai ga ta ta kai yanka na uku. Na ce, yaya ɗacin? Ta ce, “Ai ni dama na faɗa, yarinyar nan akwai kai.” Allah ya shirye ta.

Baffanki ya ci, ya goge gemu, ya ce rabin mota ba noma ba ne. Na ce gaskiya ne, amma rabin nan daga kashi ɗaya cikin uku ya fito, sauran ni na kashe su da hannuna, ba gonar ba. Bai taɓa jin na ce ni na yi kuskure ba, har makullin ya daina kaɗawa. Ya dubi rijiyar ya daɗe. Ya ce, “To, mu ga baɗi.” Ya ɗauki manya biyu ya ɗaure a babur ba tare da an ba shi ba. Shekara ɗaya ya ba mu, kada ki ɗauka ya zama waliyyi. Mai tef ɗin yana nan da ransa.

Don haka ga aike, kuma wannan karon ki yi abin da aka ce. Baɗi tsiro ɗari huɗu nake so, kuma ba zan zauna ina jiran tire daga hannun yarinyar da ke yanke yatsunta ba. Na gwada da kaina a ɗakin ajiya, da rezar yayanki da bokiti da na kifa a kai. Cikin ashirin, biyu suka kama. Ban san inda nake kuskure ba, kuma ba na son bayani a takarda. Ki nemi hutu ki zo, ki zauna kusa da ni ki nuna mini. Ki taho da robobin da reza mai kyau. Idona ya rage amma hannuna bai fara rawa ba. Idan kika ɗaga mini murya a wurin koyarwa, zan tuna miki wanda ya koya miki riƙe cokali.

Maganar aurenki kuma tana nan, ban manta ba don kin aurar da kankana.

Yayanki zai ba ki guda ɗaya a cikin buhu. Kada ki raba wa mutanen wurin aikinku sai kin ci kin ƙoshi. Ki juya takardar.

(Bayan takardar)

Daga kunyar ƙarshe take, ta bakin rijiya, daidai inda na same shi. Ban aiki yayanki ba. Ni na shiga na yanko.

Mahaifiyarki.